Gadon da Mahaifin Maryam Ya Sassaƙa

Na san abin da ake faɗa a cikin dangi game da gadon Maryam, kuma na san wasunku sun yarda. Wai ban so ɗana Nasiru ya auri 'yar ƙasar Sin ba, na sa aka yi wa gadon aurenta wani abu, shi ya sa ta shekara huɗu ba ta ga ko ɓatan wata ba. Ban taɓa tanka wa maganar ba, domin rabinta gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar wankewa. An yi wa gadon wani abu, ni na sa aka yi. Amma ba don ƙiyayya ba. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni na daina hawa jirgi, ina so ku ji yadda aka yi daga bakina, ku 'ya'yana da naku 'ya'yan, kafin ku ji ta a bakin masu ƙara mata gishiri ranar zaman makokina.

Kun san bayan rasuwar babanku da sana'ar kayan ɗaki na riƙe ku. Sau biyu a shekara nake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin in yi lodin gadaje da kujeru da labulaye in kawo Kano. Ba yabon kai ba, a lokacin idan na ƙwanƙwasa allon gado da ɗan yatsa zan gaya muku katako ne ko garin katako aka matse aka shafa masa fenti. Kalmomin da na iya na Sinanci ba su fi cikin cokali ba, nihaw da sheshe da lawban da meyo, wato sannu da na gode da maigida da babu, kuma da su na shekara goma sha ina ciniki ba wanda ya cuce ni sau biyu. Ina ganin na san mutanen nan kamar yunwar cikina. Nasiru ya biyo ni wata tafiya ya ƙi komawa, ya kama ɗaki a unguwar Dengfeng yana saro wandunan jins a garin Xintang. A nan ya haɗu da yarinyar da ke yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Ta iya Hausa irin ta kasuwa, ta musulunta tun kafin ma su fara magana, ta zaɓi sunan Maryam. Ranar da ya kawo ta gaishe ni ta durƙusa har ƙasa ta ce min Mama. Na dube ta sama da ƙasa ina neman abin kushewa, kun san halina, ban samu ba sai dai rama. Na so ta tun daga ranar, Allah shaida ne.

Wanda ya ƙi auren shi ne mahaifinta, wani dattijo masassaƙi da muke kira Baba Lam. Ita kaɗai ya haifa, matarsa ta rasu, kuma ya ce ba zai ba baƙo 'yarsa ya tafi da ita inda ba zai iya zuwa ba. Shekara guda Nasiru yana zarya ana rufe masa ƙofa. Sai wata rana tsohon ya aiko cewa a bar maganar sayen gado, shi zai yi wa 'yarsa da hannunsa. Maryam ta zo tana kuka tana dariya ta ce wannan ita ce yardarsa, ba zai taɓa furta ta da baki ba. Abin ya kwanta min a rai, na ce ashe dai mutanen kirki ne, mu ma ai uban amarya ke yin gado. Na sa aka kai ni in yi godiya.

Shagonsa yana wani lungu a Liwan, tsohuwar unguwa, inda mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Ƙamshin itace ya cika ko'ina. Ɗan ƙaramin mutum ne mai manyan hannuwa, babban yatsansa na dama ya baje kamar cokali. Ya zuba mana shayi a 'yan kofuna da ba su isa kurɓi biyu ba, sannan ya shiga nuna min ƙafafun gadon da gefunansa, Maryam tana fassara. Ga rumman ya tsage 'ya'yansa sun leƙo, ga yaɗon duma da 'yan goruna suna reto, ga furen bado, ga gyaɗa da ɓawonta, har za ku ce a ɓare. Kowanne, in ji shi, fata ne ake yi wa amarya: abu mai 'ya'ya da yawa a ciki, abu mai yaɗo ba ya yankewa. Na ce wannan ai ba baƙon abu ba ne, mu da baki muke yi, mu ce Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, su kuma da itace. Allon gadon kuwa yana jingine an lulluɓe shi, ya ce bai gama ba. Muna shirin tashi ya yi wa Maryam magana yana kallona.

"Mama, Baba yana tambaya, wai 'ya'yanki nawa?"

"Ki ce masa alhamdulillahi."

"Ya ce nawa ne alhamdulillahin?"

"Ki ce masa mu ba ma ƙirga 'ya'ya. Kaji ake ƙirgawa."

Ban san yadda ta juya masa ita ba, amma ya yi dariya har da buga gwiwa. Muka rabu a kan haka, ina ta jin daɗin kaina na ba da amsa.

Saura kwana uku walima aka kawo gadon gidan da Nasiru ya kama musu. Nasiru yana Xintang wajen lodi, Maryam tana gidan ubanta. Ni aka bar wa makulli, domin na ce ko a bangon duniya ɗana zai yi aure sai an yi wa matarsa jere irin namu, tun da ba ta da uwa ko gwaggo da za su yi mata. Na zo da hantsi da labulayena da zannuwan gado. Ina shiga ɗakin na tarar an watsa busasshen jan dabino da gyaɗa a kan katifa. Na ce ka ji 'yan dako, sun ci sun bar wa mutane shara. Na tattare tas, na zuba a leda, har na ci dabino biyu. Daga baya na ji tsohon ne ya watsa da hannunsa, bayan ya zaɓi rana da sa'ar da za a kafa gadon, kuma a wurinsu ba a taɓawa sai amarya ta shigo. Wannan ƙaramin laifin ke nan, na faɗe shi ne don ku san da irin idon da na shiga ɗakin.

Na yaye jan ƙyallen da ke kan allon, sai na ja da baya. Bishiyar rumman ce ta baje rassa daga wannan gefe zuwa wancan, a ƙarƙashinta yara suna wasa. Ba zane ba ne, mutum-mutumi ne sosai, sun fito daga jikin itacen, kowanne da kansa kamar babban ɗan yatsa, da ido da hanci da baki. Wani ya hau reshe yana miƙo rumman, wata ta tara zani tana jira, biyu suna kokawa, wani ya goya ƙaninsa. Ɗaya kuma tana kwance a gindin bishiyar tana barci, ta yi matashi da hannunta. A kusurwoyin sama ga jemagu sun buɗe fukafukai. Aiki ne da ban taɓa ganin irinsa ba a shekarun da na yi ina sayen gado, kuma a lokaci guda gabana ya faɗi. Tun muna yara muke jin mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gumaka. Ga yarinya sabuwar shiga musulunci, ba ta da kowa a addinin nan sai mu, a ɗakin nan za ta yi salla, a nan za ta haihu. Na zauna a bakin katifa ina kallon yaran, ina jin kamar in shafa su, ina kuma jin kamar in fita da gudu. Jemagun ma ban san me ya kawo su ɗakin amarya ba, amma su na ce da sauƙi.

Da na kira Nasiru da maganar ta ƙare a nan. Ban kira shi ba, don na san zai ce in bari ya dawo, ni kuma ban saba yaro ya ce min in bari ba. Malaminmu na Kano na kira. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ya danganta da abin da ya tambaya. Ban ce masa kyauta ba ce, ban ce uban amarya ya yi ba, ban ce shekara guda aka yi ana neman yardar mutumin ba.

"Allah gafarta Malam, gado ne muka samu da siffofin yara a jikinsa, an sassaƙa su. Ya halatta a kwana a kai?"

"Masu inuwa ne, Hajiya, ko zane?"

"Masu inuwa ne, Malam."

"To abin da malamai suka ce, idan aka cire kan, hukuncin ya faɗi. Ya zama kamar itace."

Na ji sanyi a raina. Na ce ashe ma abin mai sauƙi ne, ba sai an mayar wa tsoho gadonsa an ci masa fuska ba. A cire 'yan kawuna, rumman ɗinsa da dumansa suna nan, kowa ya samu nasa. Wallahi a lokacin gani nake dabara na yi wadda za ta raba gardama.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, Malam Isa, da ke haɗa mana akwatunan katako na lodi. Kafinta ne tun a gida. Na aika ya zo da ɗan ƙaramin zarto da sanfefa. Ya tsaya gaban allon yana kallonsa, har ya cire hularsa ya mayar.

"Hajiya, mi kike so a yi ma wanga abu?"

Na gaya masa, na kuma gaya masa abin da Malam ya ce.

"Bon, to, Malam ya hi ni sani. Amma wanda ya yi aikin ga ya kai wata shida bisa gare shi. Ki bari ɗiyanki su zo tukuna."

"Malam Isa, aiki na kira ka ko shawara?"

Ya sunkuyar da kai ya fara. Itacen yana da tauri, kowane kai sai ya ɗauke shi lokaci, ni kuma ina tsaye ina tara hannu kada su faɗi su ɓata. Da ya zo kan ta kwancen sai ya dakata.

"Wagga barci takai, Hajiya. Huskarta ma rabi ta ɓoye. A bar ta."

"Mai barci ba ta da kai ne? Cire."

Ya cire. Ya bi wuyoyin da sanfefa ya goge su sumul, ya ƙi karɓar ko sisi, ya tafi bai yi min sallama ba. Na duba tafin hannuna, kawuna tara. Na nufi kwandon shara da su, hannuna ya ƙi sakinsu. Na rasa dalili. Na kwance ɗankwalina na ƙulle su a gefe, na jefa a jaka. Sannan na shimfiɗa zanin gado, na rataya labule, na turara ɗakin, na tsaya daga bakin ƙofa ina duba aikina. Sai a lokacin na ga abin da kowane mai ido zai gani: yara tara ba kawuna suna wasa a saman inda amarya za ta sa kanta. Na ce wa zuciyata sabo ne, gobe ido zai saba.

Washegari da la'asar suka zo su uku, Nasiru da Maryam da tsohon. Tsohon ya sa sabuwar riga mai maɓallai har wuya, yana riƙe da 'yar ledar lemo. Ranar ce ta farko da ya yarda ya shiga gidan tare da ɗana. Na tare su da fara'a ina cewa nihaw, na ja su ɗaki su ga jere. Maryam ce ta fara gani, ta toshe bakinta da hannu biyu. Nasiru ya dube ni, na ga ya gane nan take, don ya san uwarsa. Tsohon kuwa ya ajiye ledar lemon a ƙasa a hankali, ya taka zuwa allon, ya ɗora babban yatsan nan nasa a kan wuya na farko. Sai ya faɗi suna. Harshensa ya karya shi, amma na ji shi sarai, sunan babban yayanku ne, wanda ni kaina ba na faɗa. Ya matsa kan na biyu ya ce Sani. Mai tara zani ya ce Hadiza. Na kan reshe ya ce Nasiru. Haka ya bi su, Bashir, Zainab, Kabiru, Ummi, yana taɓa kowanne. Ya durƙusa a kan ta gindin bishiya, sannan ya ce Safiya.

Ku ƙananan ba ku san Safiya ba. Tsakanin Nasiru da Bashir take, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku. Na fi shekara ashirin ban ji sunanta a bakin kowa ba, sai ga shi a bakin wani tsoho a Guangzhou.

"Umma," in ji Nasiru, "da kika ƙi gaya masa, ni ya tambaya. Ya sa na rubuta masa sunayenmu, ya yi ta haddacewa. Na ce masa ɗaya ta rasu, ya ce ba za a bar ta a waje ba."

Maryam ta ce, ba ta kalle ni ba, "A wurinmu maza zalla ake sassaƙawa. Ya ce shi ɗaya dokar ƙasarmu ta bar shi ya haifa, bai san yadda gida mai yara yake ba. Ya ce gidanki zai sa min, in zama kamar ke."

Na buɗe baki in yi bayanin mala'iku da abin da Malam ya ce. Na fara, Nasiru ya fara fassarawa, ya tsaya a tsakiya don ya ga ba ta shiga. Tsohon ya yi tambaya ɗaya, Maryam ta juya min ita da ƙyar.

"Wai me yaran suka yi miki?"

Tsohon ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya fita. Lemonsa yana nan a ƙasa inda ya ajiye.

Bai zo walima ba. Kujerarsa tana nan ba kowa har aka tashi, mutanenmu na Kano da Nijar suna ta tambaya ina uban amarya, ina cewa ba ya jin daɗi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa a wurinsu ko maƙiyi ba ya yi wa gadon amarya abin da na yi, daidai yake da in tsaya a gaban jama'a in ce kada Allah ya raya abin da za ta haifa. Na ce zan sayi wani gadon, mafi tsada a garin. Maryam ta ce a'a, ubanta ya kafa shi, ba mai ɗaga shi. Na ce to a rufe allon da ƙyalle. Ta ce a'a. Ba ta ɗaga min murya ba, ba ta fasa durƙusa min ba, abinci ma ita ke kawo min har masauki. Abu ɗaya ne ya sauya. Daga ranar ta daina ce min Mama, ta koma Hajiya, kamar sauran 'yan kasuwar da take yi wa tafinta.

Kafin in koma gida na tafi Liwan ni kaɗai, ba tafinta, da ƙullin ɗankwalina. Na ɓata sau biyu kafin in gane lungun. Na same shi yana aiki. Na kwance ƙullin a kan teburinsa, na ɗauki kai ɗaya na kwatanta masa da hannu a shafa gam a mayar. Ni kaina ban san me nake roƙo ba, domin in ya mayar, maganar mala'ikun tana nan inda take. Ya jera su a tafin hannunsa yana juya su. A nan na kalle su da kyau a karo na farko, na ga matan har da kitso ya yi musu. Ya buɗe aljihun tebur ya zuba su, ya rufe, ya miƙo min ɗankwalina.

"Meyo," ya ce.

Wato babu, kalmar da na fi sani ce a duk yarensu, na ji ta sau dubu a bakin masu shago. Ya zuba min shayi duk da haka, na sha, na ce sheshe, na fito ina share ido da gefen mayafi.

Da na dawo Kano na je wurin Malam na zayyana masa komai, wannan karon ban rage ba. Na je ne ina so ya ce min ko na yi daidai ko na yi kuskure, in san wanda zan riƙe. Ya ce hukuncin siffa yana nan yadda ya faɗa, bai canza ba. Amma da na gaya masa na wane ne, da ya ce in rufa masa zani in jira mai ɗakin, domin ɗakin ba nawa ba ne, kuma ɓata kayan wani da yanke zumunci su ma suna da nasu hukuncin. Na ce to Malam, na samu lada ko na ɗauki zunubi? Ya ce Allah ne masani, in yawaita istigfari. Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi.

Shekara ta zagayo, ta biyu ta bi ta, Maryam shiru. A nan ne surutun dangi ya tashi. Ni na san itace ba ya ba da haihuwa ba ya hanawa, na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, kuma har yau a kan haka nake. Amma ba zan ɓoye muku ba, duk zuwan da na yi Guangzhou sai na leƙa ɗakin na ga wuyoyin nan. Ina kai mata rubutu da addu'o'i daga gida, ta karɓa ta sha. Sai kuma na kama kaina ina tsayawa wurin masu kayan marmari ina cika leda da rumman in kai mata, in ce wai yana ƙara jini. Ta kan dube ni ta dubi ledar, ta ce an gode Hajiya. Mu duka mun san ba don jini na sayo ba. Tana zuwa wurin ubanta duk mako, amma shi bai sake taka gidan ba, ko da ba na ƙasar. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, yarinya tana da uba ɗaya tal a duniya, na sa ya kasa shiga ɗakinta.

A shekara ta biyar Allah ya kawo Amira. Na je wankan jego, na tafi da kayan kunun kanwa da yaji, na yi mata duk abin da zan yi wa Hadiza ko Zainab. Ana gobe suna, da rana, wasu 'yan dako suka hawo da kaya a naɗe cikin bargo, suka ce daga Liwan. Nasiru ya kwance. Ɗan gadon jariri ne mai lilo, na irin itacen babban gadon, haɗin hannu ba ƙusa ko ɗaya. Na durƙusa ina duba shi irin duban da na saba yi wa kaya. Na bi gefe, na bi ƙafafu, na leƙa ciki, na sa aka kifa shi na duba ƙasa. Babu rumman, babu duma, babu ko ƙwayar gyaɗa ɗaya. An goge shi sumul ko'ina. Mutumin da ya yi shekara arba'in ba ya iya barin ko murfin akwati ba fure, ya yi wa jikarsa ta fari gado bai yi mata fata ko ɗaya a jiki ba. Na yi ta shafawa ina neman inda yatsana zai ci karo da wani abu.

Maryam tana zaune a bakin gadonta tana shayarwa, wayarta a kunne tana magana da shi. Ta sauke wayar ta dafe ta a ƙirji.

"Hajiya, Baba yana tambaya."

"Me ya ce?"

"Wai ki duba da kyau. Da wannan gadon, mala'ikun za su shiga wurin yarinyar?"

Na kalli fuskarta ko zan gane gatse ne ko da gaske yake. Ban gane ba, kuma har ya bar duniya bayan shekara biyu ban samu wanda ya gaya min ba. Wani lokaci ina ganin mari ne ya aiko min a naɗe cikin bargo. Wani lokaci kuma ina ganin tsoho ne da ya zauna ya yi tunani, ya ce tun da a gidan nan jikarsa za ta tashi, gara ya haƙura da duk abin da ya iya, kada ya tare mata wata rahama da bai sani ba. Na biyun ya fi yi min ciwo.

Tana jira, shi ma yana jira a cikin wayar, ina jin numfashinsa. Na so in ce ta ce masa ya zo ya ɗauka ya sa mata ko rumman guda, rumman ai ba shi da kai. Na so in ce ya yafe min. Abin da ya fito kawai shi ne,

"Ki ce masa za su shiga."

Ta faɗa masa. Ya yi 'yar magana gajeriya ya kashe. Na ce me ya ce, ta ce ya ce to madalla. Sannan ta miƙo min Amira, na kwantar da ita a cikin gadon da hannuna, na zauna a ƙasa ina kaɗa shi ina kuka, ba wanda ya ce in yi shiru.